Wa Zai Tsaya wa Baƙo?

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:19-31 da 11:19-30

Kusan kowace majami'a tamu tana da lokacin baƙi a cikin tsarin sujadar Lahadi. Bayan sanarwa, ko kuwa gab da baiko, magatakarda yakan ɗaga kai daga littafinsa ya ce duk wanda yau ce ranarsa ta fari a cikinmu ya miƙe tsaye. Mutum uku ko huɗu su miƙe, kowa ya faɗi sunansa da garinsu da ikkilisiyar da ya fito, matan zumunta su ta da waƙar maraba, a yi tafi, na kusa su miƙa hannu. Al'ada ce mai kyau, ba kuwa wanda ya ce a bar ta. Amma nazarinmu na wannan fitowa yana kan abin da ke biyo bayan tafin. In an tashi sujada, dattawa suka shige ofis ƙirgar baiko, 'yan wannan ƙabila suka kewaye a gindin mangwaro, 'yan waccan suka ja benci zuwa bayan ɗakin Makarantar Lahadi, ina mutum ukun nan suke tsaye? Wa ya san inda za su kwana? Ran Lahadi ta huɗu, in ba su zo ba, wa zai lura?

Tambayar ta fi nauyi a gare mu da muke sujada da Hausa a Legas, Ibadan, Benin, Akure, Fatakwal da ƙauyukan gonaki na kudu. Kaɗan ne a cikinmu aka binne cibiyarsu a inda suke zaune yau. Wani aikin soja ko ɗan sanda ya kawo shi, wani gadi, wani acaɓa, wani ƙodago a gonar koko, wata aikin gida, wani kuma bautar ƙasa ta shekara guda. Tun daga shekara ta 2014 kuwa, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agusta, ta shiga Mubi a watan Oktoba, har shugabannin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya suka bar hedkwatarsu ta Kwarhi suka koma Jos na wani lokaci, sai wani irin baƙo ya ƙaru a ƙofofinmu, wato wanda bai shirya tafiya ba, tafiya ce ta same shi. Da Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙon da ke zaune a cikinsu kamar ɗan ƙasa, dalilin da ya ba su shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar (Littafin Firistoci 19:33-34). Wannan dalili bai tsufa ba. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota da asuba da jakar leda a hannu, bai jin harshen gari, ya san ma'anar karin maganar nan da ke cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Tsoron mutanen Urushalima

Mu duba labarin wani baƙo da ya iso ƙofar ikkilisiya aka ƙi buɗe masa. Luka ya gaya mana cewa Shawulu, bayan ya sadu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, aka yi masa baftisma, ya yi wa'azi har aka nemi ransa aka zurara shi ta bayan garu cikin kwando da dare, sai ya zo Urushalima ya nemi shiga cikin masu bi. Suka ja da baya gaba ɗaya. Ba su gaskata tubansa ba.

Mai wa'azi yakan yi saurin ɗora wa mutanen Urushalima laifi a nan, amma a ganina ya kamata mu yi musu adalci tukuna. Wannan mutum yana tsaye aka jajjefe Istifanas, da yardarsa kuwa aka yi. Shi ne ya riƙa bin gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku (Ayyukan Manzanni 8:1-3). Cikin masu bin da suka ƙi shi ran nan, ba mamaki akwai macen da ya kama mijinta, akwai yaron da ya ga an ja uwarsa a ƙasa. Wace dabara ce ta fi sauƙi ga mai farautar ikkilisiya, in ba ya ce ya tuba ba, don a nuna masa gidajen da ake taruwa? Tsoronsu yana da tushe.

Mu ma namu yana da tushe. Ba mu manta da safiyar Kirsimeti ta 2011 a Madalla ba. Waɗanda suka ɗauka kudu tudun mun tsira ne kuwa, ranar 5 ga Yuni 2022 ta farkar da su, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa masu sujada a majami'ar Katolika da ke Owo a Jihar Ondo, ran Fentikos, suka kashe mutane kimanin 40. Don haka majami'u da yawa suka sa matasa a bakin ƙofa da na'urar bincike, aka hana shiga da manyan jakunkuna, aka nisanta wurin ajiye motoci. Ba zan ce a daina ba, makiyayin da ya bar ƙofar garke a buɗe da dare ba ƙauna ya nuna ba. Amma mu lura da abin da wannan hali ya yi wa idonmu. Dā, baƙuwar fuska abin murna ce. Yanzu abu na fari da ke zuwa zuciya shi ne, wannan kuma daga ina? Kuma wanda zargin ya fi faɗa wa shi ne wanda ya fi bukatarmu, wato saurayin da ya zo shi kaɗai da tufafi masu ƙura, da sunan da ba a saba jinsa a majami'a ba, ba mai cewa ya san shi.

Ikkilisiyar Urushalima ba ta warware matsalarta ta wurin yin kamar ba hatsari ba, ba ta kuma warware ta da rufe ƙofa har abada ba. Mutum guda ne ya tashi daga wurin zamansa.

Barnaba, mai masauki

Sunansa na yanka Yusufu, Balawe ne, mutumin tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka sa masa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zukata, shi ne kuma ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni (Ayyukan Manzanni 4:36-37). A lura, shi ma ba haifaffen Urushalima ba ne. Sau da yawa wanda ya ɗanɗana baƙunci shi ne ke hango baƙo tun daga nesa.

Aya ta 27 gajeriya ce, amma aikin da ke cikinta ba ƙarami ba ne. Barnaba ya ɗauki Shawulu ya kai shi gaban manzanni, ya ba su labarin abin da ya faru a hanya da irin wa'azin da ya yi a Dimashƙu. Ta yaya ya san labarin? Lalle ya bincika, ya saurara. Kafin ya buɗe baki a gaban manzanni, sai da ya buɗe kunne. Wannan shi ne matakin da mukan tsallake. Mukan tambayi baƙo sunansa a gaban jama'a, wuri mafi wuyar faɗin gaskiya, sa'an nan ba mai komawa ya tambaye shi a keɓe. Binciken jaka ba ya nuna abin da ke cikin mutum. Zama da shi a inuwa, da ruwan sha a tsakani, da tambayar wane fasto ne ya yi masa baftisma, wa ya sani a garin nan, me ya raba shi da gida, wannan ya fi kowace na'ura tsare ikkilisiya. Mai mugun nufi ba ya son a san shi. Mai gaskiya kuwa abin da yake jira ke nan.

Bayan sauraro, Barnaba ya jingina nasa mutunci a kan Shawulu. Da tuban ya zama na ƙarya, da jinin 'yan'uwa ya hau kan Barnaba. Manzanni ba su san Shawulu a matsayin ɗan'uwa ba, amma sun san Barnaba, sai amincin wannan ya zama gadar da wancan ya taka. Bulus da kansa ya shaida daga baya cewa ya yi kwana 15 tare da Bitrus a wannan zuwa (Galatiyawa 1:18). Mutumin da aka guje wa a bakin ƙofa, ga shi yana cin abinci da babban manzo har mako biyu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Maƙwabtanmu na zango sun daɗe da saninsa. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, falken da ya gangaro da shanu daga arewa ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yakan sauka a wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, in mahauci ya ɗauki sa bashi kuwa maigidan ne ke tsaya wa kuɗin. Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Abin da ya sa fatauci ya yiwu tsakanin mutanen da ba su san juna ba, ba su jin harshen juna, shi ne akwai wani tsayayye a tsakiya wanda kowane ɓangare ya amince da shi. In 'yan kasuwa sun gane cewa baƙo ba ya shiga gari sai da mai masauki, yaya ikkilisiya za ta ɗauka cewa waƙar maraba kaɗai za ta shigar da mutum cikin jikin Almasihu?

Ga inda shirye-shiryenmu sukan gaza. Mukan kafa kwamitin baƙi, mu saya masa littafi, a rubuta suna da lambar waya, littafin ya koma cikin durowa. Kwamiti yana da amfaninsa, amma kwamiti ba ya zuwa asibiti da ƙarfe biyun dare. Abin da ya kamata kwamitin ya yi shi ne kada ya bar baƙo ya fita harabar majami'a sai an damƙa shi a hannun wani gida takamaimai, wanda za a iya tambaya bayan wata guda, ina mutuminku? Namiji a hannun magidanci, mace a hannun wata daga cikin matan zumunta, ɗalibi a hannun iyalin da ke da 'ya'ya sa'anninsa. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai ɗaukarsa.

Takardar shaida

Iyayenmu a bangaskiya suna da wata al'ada da muke sakaci da ita yanzu. Mai bi ba ya barin gari sai ya karɓi takarda daga fastonsa, mai shaida cewa shi ɗan ikkilisiya ne, mai cin Jibin Ubangiji, ba ya ƙarƙashin horo. Wasu suna ganin wannan gadon Turawan mishan ne kawai. Ya girme su nesa. Da Afolos zai haye daga Afisa zuwa Akaya, 'yan'uwa sun rubuta wa na can su karɓe shi (Ayyukan Manzanni 18:27). Farkon sura ta 16 ta Romawa ma takardar shaida ce da Bulus ya yi wa Fibi, ma'aikaciyar ikkilisiyar Kankiriya, yana roƙo a karɓe ta a kuma taimake ta da duk abin da ta nema. Takarda Barnaba ce da ake sawa a aljihu. Yau da waya take hannun kowa, fasto a Agege zai iya kiran fasto a Billiri ko Zonkwa cikin minti biyu. Iyaye kuma, in ɗanku zai tafi kudu neman aiki, kada ku tsaya ga ƙulla masa gari da yaji. Ku karɓar masa takarda, ku nemi lambar faston garin da za shi, ku kira tun yaron yana cikin mota.

Amma kada takarda ta zama katanga. Wanda ya gudo da dare, majami'arsu ta ƙone, fastonsu ma yana sansanin gudun hijira, wace takarda za a nema a hannunsa? Akwai wani tsohon littafin koyarwa na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, wanda masana ke cewa an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na fari ko farkon na biyu, aka gano kwafinsa a birnin Istanbul a 1873. Ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, amma yana nuna mana yadda masu bi na dā suka bi da wannan al'amari. Tsarinsu shi ne a fara karɓar duk wanda ya zo da sunan Ubangiji, a gwada shi daga baya. In mai wucewa ne a taimake shi kwana biyu ko uku. In mai zama ne kuma yana da sana'a, ya yi aikinsa ya ci abinci. In ba shi da ita, ikkilisiya ta yi dabarar da ba zai zauna hannu rabbana ba. Wanda ya ƙi wannan, an gane ciniki yake yi da sunan Almasihu. Su ma sun sha fama da mayaudara masu yawo da labarin tausayi daga majami'a zuwa majami'a, kamar yadda muke sha. Duk da haka karɓa suka sa a gaba, gwaji ya biyo baya.

Tafiya Tarsus

Labarin bai ƙare a Urushalima ba, kuma kashi na biyu ya fi taɓa zuciyata. Ba a daɗe ba aka sake neman ran Shawulu, 'yan'uwa suka raka shi Kaisariya suka sa shi a hanyar Tarsus, garinsu. Daga nan Luka ya yi shiru a kansa. Shekaru da dama suka wuce. Da bishara ta yi ƙarfi a Antakiya har al'ummai suka fara tuba da yawa, aka aiki Barnaba ya duba. Ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya tuna da baƙonsa na dā. Ya yi tafiyar kwanaki zuwa Tarsus, ya neme shi har ya same shi, ya kawo shi Antakiya, suka shekara cur suna koyarwa tare. A wannan gari ne aka fara kiran masu bi Kirista.

Zumunta a ƙafa take. Baƙon da ya zo Lahadi biyu ya ɓace, galibi ba fushi ya yi ba. Mai gadi ne da yake sauka aiki da ƙarfe bakwai na safe, barci ya ci ƙarfinsa. Yarinya ce da uwargijiyarta ba ta barinta fita sai an gama wanki. Magidanci ne da kuɗin motar mutum biyar ya gagare shi, kunya kuma ta hana shi faɗa. Ba za a san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai an taka an je. Ikkilisiyar da ta san rabin mazanta masu gadi ne, me zai hana ta shirya musu taron addu'a da yamma kafin su kama aiki?

Sa'an nan a dubi abin da Barnaba ya kira Shawulu ya yi. Bai kira shi ya zauna a benci na gaba ana yi masa fifita ba. Aiki ya ba shi. Har da aka yi gudummawa saboda yunwar da ta auku a zamanin Kalaudiyas, kuɗin 'yan'uwa a hannun Barnaba da Shawulu aka damƙa su kai Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:29-30). Mutumin da dā ake ɓoye masa ƙofar gida, yau shi ne ɗan aiken ikkilisiya da jakar kuɗi. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, wato da rana ta fito zai bushe. Muddin ana yi wa mutum hidima shi kuwa ba a neman komai a wurinsa, raɓa ne, shi ma ya san haka. Ranar da aka ce masa, ɗan'uwa, ran Asabar muna zuba kankare, ka zo da shebur, ko aka ce wa mace, ke za ki karanta mana Zabura a taron zumunta mai zuwa, ran nan ne baƙunci ya fara ƙarewa. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da gwanayen kiɗa zaune a bencin baya na majami'unmu shekara uku, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka iya.

Ba ana nufin a ɗora wa sabon tuba dattijantaka ba, Bulus ya hana wannan a fili (1 Timoti 3:6). Amma tsakanin kujerar dattijo da zaman kallo akwai ayyuka masu yawa.

In gida ya kasu ɗaki ɗaki

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen nan ya zama tabarmar da ƙabilu masu yawa suke zama a kai. A sujada guda a Legas za ka sami Tangale da Bura da Margi da Bajju da Ngas da Sayawa da mutanen Zuru, suna raira waƙa daga littafi ɗaya. Wannan baiwa ce babba. Sai dai da zarar an yi addu'ar sallama, kowane tsuntsu ya koma kukan gidansu. Taron 'yan gari ba laifi ba ne, shi ke kai gawa gida, shi ke biyan kuɗin asibiti. Amma baƙon da ya tarar da mutanensu ya sami masauki tun kafin ya nema, wanda kuwa shi kaɗai ne daga ƙabilarsa, ko Bahaushe ne, ko Bafillace, ko matar aure 'yar kudu da ta biyo mijinta, ya zama maraya a tsakiyar taro.

Ikkilisiyar farko ta yi wannan tuntuɓe tun tana jaririya. Gwaurayen mata masu jin Helenanci aka riƙa tsallakewa wajen rabon abinci na yau da kullum, har gunaguni ya tashi (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Luka bai ce an yi da gangan ba. Mai rabo ya san gidajen mutanensa, na sauran ne bai sani ba. Manzanni ba su ce wa masu kuka su yi shiru don zaman lafiya ba. Aka zaɓi mutum bakwai, kuma duk wanda ya karanta sunayensu zai ga na Helenanci ne gaba ɗaya, na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne. Wato ludayin aka miƙa wa ɓangaren da aka manta. Zai yi kyau majalisar kowace ikkilisiya ta ɗauki jerin sunayen dattawanta da shugabannin ƙungiyoyinta ta karanta da ƙarfi, ta ji ko daga ƙaramar hukuma ɗaya suka fito.

Wanda bai kamata a tsayar ba

Akwai kuma baƙon da al'adarmu ta miƙewa tsaye take cutarwa. Wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu daga gidan da ba na masu bi ba, wataƙila danginsa ba su sani ba tukuna. A sa shi ya faɗi cikakken sunansa da unguwarsu a lasifika, wani kuma ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook don murna, an jefa shi cikin wahalar da bai shirya mata ba. Irin wannan, fasto da dattijo ɗaya ko biyu ne za su san labarinsa, shi ne kuma zai zaɓi ranar da zai ba da shaida. In dangi suka juya masa baya, to, alkawarin da Yesu ya yi cewa wanda ya rasa gida da 'yan'uwa saboda shi zai sami ninkinsu tun a wannan zamani (Markus 10:29-30), ta hannun wa zai cika in ba ta hannunmu ba? Gidajen da aka yi masa alkawari namu ne. Yana bukatar wurin kwana, da sana'a, da inda zai ci tuwon Kirsimeti. In lokacin aure ya yi, yana bukatar wanda zai zama ubansa ya nema masa, da iyalin da ba za su ce ba su san asalinsa ba. A nan ne ƙaunarmu takan tsaya cik, kuma a nan ne wasu suka koma inda suka fito.

Haka nan yarinyar da ta zo da goyo ba miji, da mutumin da ya yi shekara goma bai taka majami'a ba, yau ya lallaɓo ya zauna kusa da ƙofa. Waɗannan ba tafi suke so ba. Mai tsaron ƙofa mai hankali yakan gane su, ya ba su wuri ba tare da hayaniya ba, ya rada wa wanda ya dace. Masu tsaron ƙofa kuwa su riƙa karanta Yakubu 2:1-4, domin har yanzu mai babbar mota ba ya rasa kujera a gaba.

Rabon iyali

Kalmar Helenanci da ke bayan karɓar baƙi a Sabon Alkawari haɗin kalmomi biyu ce, ƙauna da baƙo. Tana cikin sharuɗɗan shugaban ikkilisiya (1 Timoti 3:2; Titus 1:8), amma an umarci dukan masu bi da ita (Romawa 12:13; 1 Bitrus 4:9), Bitrus ma ya ƙara da cewa a yi ta ba da gunaguni ba, alamar ya san tana da tsada. Na san halin da ake ciki. Iyali mai mutum shida a ɗaki ɗaya da falo, ga tsadar abinci, ga mai gidan haya da ke ƙirga masu shiga bayan gida. Ba kowa ke iya ba da wurin kwana ba, kuma gidan da ke da 'yan mata ko ƙananan yara yana da hakkin yin hattara da wanda zai kwana a cikinsa. Dattawa su ne za su duba inda ya dace a sauke mutum. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ƙara gwangwani ɗaya na shinkafa a tukunyar Lahadi bai fi ƙarfin yawancinmu ba. Nuna wa sabuwar zuwa kasuwar da ake samun dawa da kuka da daddawa, da asibitin da ba a tsawwala kuɗi, da motar da za ta shiga ba ta ɓata ba, da kalmomin gaisuwa na Yarabanci ko Ibo da za ta gai da maƙwabta, duk hidima ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan su ne suka fi mu iya wannan. Yaron da ya zo daga ƙauye ba ya jin Turanci, in ya sami sa'ansa ya ja shi zuwa ajin Makarantar Lahadi ya zauna kusa da shi, iyayensa ma sun zauna ke nan.

Don addu'ar iyali a wannan mako, a karanta wasiƙar Yahaya ta uku, gajeriya ce ƙwarai. A bar yara su faɗi abin da Gayus ya yi wa baƙi da abin da Diyotarifis ya yi musu. Sa'an nan maigida ya ba 'ya'yansa labarin ranar da ya fara sauka a garin nan, ya faɗa musu sunan wanda ya ba shi ruwa. Kafin a rufe da addu'a, kowa ya yi ƙoƙari ya tuna sunayen waɗanda suka miƙe tsaye a majami'a cikin wata ukun da suka wuce. In an tuna ko da ɗaya, a nemi lambarsa a wurin magatakarda ran Lahadi.